Landsat, Sentinel ko radar: da wanne za ka sa ido a kan dajin mangurof na Neja Dalta?

Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan dajin mangurof a Afirka. Ya haura murabba'in kilomita 8,000, yawancinsa a jihohin Ribas da Bayelsa da Delta, sauran kuma ya miƙe gabas zuwa Akwa Ibom da Kuros Riba. Itatuwa ne masu rayuwa cikin ruwan gishiri, a inda koguna ke haɗuwa da teku. Cikin saiwoyinsu kifi da jatan lande da ƙaguwa ke hayayyafa, da itacensu ake bandar kifi, su ne kuma ke riƙe gaɓa kada teku ta cinye ta. Sai dai ba daji ba ne da mutum zai ɗaura takalmi ya zagaya. Taɓo ne har gwiwa, wani wuri har ƙugu, saiwoyi sun sarƙe, ruwa kuma yana cikowa ya janye sau biyu a yini. Duk mai son sanin halin da dajin ke ciki, ɗalibi ne mai aikin digiri ko ma'aikacin wata ƙungiyar muhalli, dole ya koma ga hotunan tauraron ɗan'adam.

Hotunan kuwa sun samu, kuma mafi yawansu kyauta ne. Wahalar ta koma ga zaɓi. Abin da na lura da shi shi ne yawancin masu farawa suna tambayar wane tauraro ne ya fi fitar da hoto tar. A Neja Dalta ba wannan ce tambayar farko ba. Tambayar farko ita ce wanne zai iya ganin ƙasa ma tukuna, ta biyu kuma wanne zai bambance mangurof da abin da ya yi kama da shi.

Landsat shi ne dattijon fagen. Hukumomin Amurka biyu, NASA da USGS, suka harba na farko a 1972, kuma tun 2008 aka buɗe rumbun hotunansa ga kowa ba tare da biyan ko kwabo ba. Daga Landsat 5 na 1984 zuwa yau, kowane ɗigo na hotonsa yana ɗauke da fili mai mita 30 tsawo da faɗi, wato hekta ɗaya ba ta wuce ɗigo 11 ba. Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021 kowannensu yana komowa wuri guda bayan kwana 16, su biyun tare kuma bayan kwana 8. Abin da babu mai ja da shi a kai shi ne tarihi. In tambayarka ita ce yaya dajin nan yake shekara arba'in da suka wuce, ba ka da wani wajen zuwa. Da shi aka bi sawun yadda mangurof ya mutu a Kasamans da Salum na Sanagal, lokacin da farin shekarun 1970 da 1980, wanda iyayenmu ke tunawa da shi saboda dabbobin da ya kashe a ƙasar Hausa, ya rage ruwan daɗi a koguna har gishiri ya fi ƙarfin itatuwan. Da shi kuma aka ga farfaɗowarsu bayan ruwan sama ya ɗan dawo. Haka a arewacin Ostireliya, a mashigin Kafentariya, inda kimanin hekta 7,400 suka bushe a tsawon gaɓar da ta kai kilomita 1,000 tsakanin 2015 da 2016: hotunan Landsat na shekarun baya ne suka nuna cewa ba a saba ganin irin wannan ba.

Amma tarihin Landsat a gaɓar yammacin Afirka yana da giɓi mai faɗi, kuma gara ka san shi kafin ka rubuta wa malaminka alkawarin "sauyi daga 1984 zuwa yau". Landsat 5 ba shi da ma'ajiyar hoto a cikinsa, sai ya samu tashar ƙasa a kusa yake sauke abin da ya ɗauka, yankinmu kuwa bai wadatu da irin waɗannan tashoshi ba. Don haka za ka tarar da 'yan hotuna daga tsakiyar shekarun 1980, sannan kusan shiru har Landsat 7 ya hau a 1999. Shi ma a watan Mayu na 2003 wata na'ura a jikinsa ta lalace, hotunansa suka riƙa fitowa da ratsi-ratsi, kusan kashi 22 cikin 100 na kowane hoto babu komai. Ka ɗora gajimare a kan wannan, sai ka ga shekara goma za ta iya ba ka hoto biyu ko uku kacal masu amfani a kan garuruwan gaɓar teku irin Bonny ko Brass.

Sentinel-2 na Tarayyar Turai ne, ƙarƙashin shirin Copernicus. An harba na farko a Yunin 2015, na biyu a Maris 2017, na uku a Satumbar 2024. Yana komowa duk kwana 5, yana auna haske a zango 13, wato rukunin haske daban-daban, huɗu daga ciki a kan mita 10. Hektar da Landsat ya raba 11, shi ya raba ta 100. Wannan bambanci ba na ado ba ne a dajin da ƙananan rafuka suka kekketa shi. A yawancin wurare ɓarna tana farawa ne daga bakin rafi, siririyar layi mai faɗin mita goma ko ashirin, inda masu saran itace ke tsayar da kwalekwale ko inda ɗanyen mai ya fara maƙalewa a saiwoyi. A Landsat wannan layi yakan cakuɗe da ruwa da lafiyayyen daji cikin ɗigo ɗaya ya ɓace. A Sentinel-2 ana ganinsa. Yana kuma da zango uku a bakin iyakar jan haske, waɗanda Landsat ba shi da su, kuma su ne suka fi saurin nuna raguwar sinadarin kore a ganye tun kafin ganyen ya zube. Rauninsa ɗaya ne a fili: bai san komai ba kafin 2015. Malalar man da ta auku a Bodo, a ƙasar Ogoni, cikin 2008 da 2009, wadda ta kai kamfanin Shell ga biyan diyyar fam miliyan 55 a 2015, ta riga shi. In kana son ganin yadda dajin Bodo yake kafin malalar, Landsat za ka koma. In kana son ganin ko dashen da ake yi yanzu yana kamawa, Sentinel-2 ne naka.

MODIS, na'urar ɗaukar hoto da ke kan taurarin NASA biyu, ba zan daɗe a kansa ba. Yana ɗaukar hoto kusan kullum tun 2000, amma ɗigonsa mafi ƙanƙanta mita 250 ne, fiye da hekta shida. Yana da amfani ga mai nazarin yadda kore ke hawa da sauka da yanayi a babban daji irin Sundarbans na Bangaladash da Indiya. A tsakanin rafukan Neja Dalta kuwa, kusan kowane ɗigo ruwa ne da taɓo da itace a haɗe.

Gajimare da hazo

Duka waɗannan ukun da hasken rana suke gani, kuma nan ne Neja Dalta ke karya lissafin mutum. Wanda ya koyi aikin nan da hotunan Kano ko Damagaram ya saba da sarari fes wata shida ko bakwai a shekara. Bonny kuwa tana samun ruwan sama fiye da milimita 4,000 a shekara, ninkin na Kano sau huɗu ko fiye. Daga Afrilu zuwa Oktoba da wuya ka samu hoto guda mai tsabta. Ɗan sararin da ake samu yana tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma daidai lokacin ne hunturu ke turo ƙura daga Sahara har bakin teku. Hazo ba ya rufe ƙasa ɗungurungum kamar gajimare, amma yana rage ƙarfin alƙaluman kore, kuma manhajojin da ke tace gajimare ba sa kama shi sosai. Sai mutum ya kwatanta Janairun bana mai hazo da Janairun bara mai sauƙinsa, ya ce daji ya lalace, alhali ƙura ce kawai. Ga kuma hayaƙin iskar gas da ake ƙonawa da na matatun mai na bayan fage.

Maganin da aka saba yi shi ne a tara duk hotunan rani guda, a cire gajimare daga kowanne, a ɗauki tsaka-tsakin abin da ya rage a kowane ɗigo. Yana aiki, kuma Sentinel-2 ya fi ba da abin tarawa saboda yawan komowarsa. Amma ka sani hoto ɗaya ke nan kake samu a shekara. In bututu ya fashe a watan Yuni, sai Janairu za ka ga abin da ya yi.

Nan radar ya shigo. Shi ba ya jiran rana. Yana aika siginarsa ƙasa ya auna abin da ya dawo, dare ko rana, gajimare ko hazo. Sentinel-1 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2014, yana amfani da zango mai tsawon kusan santimita biyar da rabi, tauraro guda yana komowa duk kwana 12. Na biyunsa ya mutu a Disambar 2021, wanda ya maye gurbinsa bai hau ba sai Disambar 2024, don haka shekarun tsakani sun fi ƙarancin hotuna. Duk da haka, hoto talatin a shekara a wurin da Sentinel-2 ke ba ka biyar masu tsabta ba ƙaramin abu ba ne. Masu bincike a Jami'ar Galway ta ƙasar Ayalan sun yi amfani da shi wajen bin mutuwar mangurof a kewayen bututun mai na jihar Ribas, kuma dalilinsu na zaɓarsa shi ne wannan gajimaren.

Radar iri biyu ne a wannan aiki, kuma bambancinsu ya cancanci a tsaya a kai. Siginar Sentinel-1 gajeriya ce, yawancinta daga ganye da ƙananan rassa na sama take komowa. Ta tauraron Japan, ALOS, wanda ya yi aiki daga 2006 zuwa 2011, da magajinsa ALOS-2 na 2014, ta kai kusan santimita 24, tana ratsa ganye ta isa ga manyan rassa da kututture. Saboda haka ta fi faɗin gaskiya game da girman itace da nauyinsa, ta fi kuma raba daji mai tsayi da ƙananan tsirrai. Hukumar sararin samaniyar Japan tana sakin haɗaɗɗen hoto na shekara-shekara a kan mita 25 kyauta, amma guda ɗaya ne a shekara. A 2025 an harba tauraron NISAR, haɗin gwiwar Amurka da Indiya, mai irin wannan doguwar sigina, kuma shi ma bayanansa a buɗe suke.

Kada dai a ɗauka radar ba shi da aibu. Hotonsa yana fitowa da burtsatse kamar an watsa masa yashi, sai an tace kafin a karanta. Ba ya ganin launi ko kaɗan, don haka bai san ganye ya yi rawaya ba. Itacen da mai ya kashe yakan tsaya a tsaye watanni ko shekaru bayan ganyensa ya kaɗe, kuma doguwar sigina za ta ci gaba da ganin kututturensa kamar ba abin da ya faru, alhali Sentinel-2 ya daɗe da nuna mutuwarsa. Ruwan da ke ƙarƙashin daji ma yana sauya abin da ke komowa. Koyonsa kuma ya fi wuya. Ɗalibin da bai taɓa sarrafa shi ba ya ware masa makonni, ba kwanaki ba.

Kore ba shi ne lafiya ba

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a ayyukan da ake yi. Kusan kowa da NDVI, ma'aunin koren ganye, yake farawa, kuma da shi yake ƙarewa. Lissafi ne mai sauƙi: lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, yana mayar da hasken infared na kusa wanda ido ba ya gani, sai a ɗebe ɗaya daga ɗaya a raba da jimillarsu. Sakamakon yana tsakanin -1 da +1. Ruwa yana ƙasa da sifili, taɓo kusa da sifili, daji mai duhu yana sama. Kayan aiki ne mai kyau, amma a dajin mangurof yana da hanyoyi uku na yaudarar mai shi.

Na farko, yana cika ya tsaya. Da zarar ganye ya rufe ƙasa, ƙarin kauri ba ya ƙara masa komai, sai dajin da ya fara sirancewa da wanda ke cikin ƙoshin lafiya su ba da lamba kusan ɗaya. Na biyu, cikowar teku. Landsat da Sentinel-2 suna wucewa ne da hantsi a kowane zuwa, ruwan teku kuwa ba ya bin agogonmu. Yau hoto ya same shi a cike, bayan kwana biyar ya same shi a janye. A wurin da itatuwa suke gajeru ko a warwatse, musamman sabon dashe, ruwan da ya shiga ƙarƙashinsu yana jan lambar ƙasa. Wannan ya fi tsanani a gabas, wajen Kalaba, inda tazarar cikowa da janyewa ta fi ta yamma. Duk wanda ke kwatanta hotuna biyu bai duba matsayin ruwa a ranakunsu ba, ba daji kaɗai yake aunawa ba.

Na uku shi ne nipa, kuma shi ya fi muni. Wani tsiro ne dangin kwakwa daga kudu maso gabashin Asiya, wanda aka shigo da shi Kalaba a 1906, aka kuma dasa shi a Oron a 1912. 'Ya'yansa suna yawo a kan ruwa, duk inda aka sare mangurof ko mai ya kashe shi sai su kafa su mamaye. Ba shi da irin saiwoyin da kifi ke fakewa ciki, ba ya ba da itacen banda, kuma in ya kama wuri mangurof ba ya iya komowa da kansa. Daga sama kuwa kore ne shar. Manomi ya san gonar da ciyawa ta cinye takan fi wadda aka nome kore in an hango ta daga hanya. Haka NDVI yake ganin nipa: zai nuna maka wurin da ya mutu ya farfaɗo, alhali wani abu ne dabam ya zauna. Wani bincike daga Jami'ar Edinburgh, wanda ya haɗa radar ɗin ALOS da Landsat da bayanan tsayin ƙasa, ya gano cewa tsakanin 2007 da 2017 mangurof na Neja Dalta ya ragu da kimanin kashi 12 cikin 100, nipa kuwa ya ninka fiye da sau shida. Da NDVI kaɗai suka dogara, da wani ɓangare na wannan asara bai fito ba.

Abin da ke taimakawa shi ne zangon infared mai ɗan tsawo, wanda ruwa ke shanyewa. Landsat da Sentinel-2 duk suna da shi. Mangurof yana fitowa da duhu a wannan zango fiye da dajin tudu, saboda jiƙaƙƙen taɓon da ke ƙarƙashinsa, kuma a kansa aka gina ma'aunin danshi na NDMI da ma'aunin MVI da masu bincike a Filifin suka fitar a 2020 musamman don mangurof. Raba nipa da mangurof kuwa yana buƙatar a haɗa launi da siffa: Sentinel-2 ya ba da launi, radar ya ba da tsarin rassa, bayanan tsayi su ba da sauran, tunda jan mangurof, wanda shi ya fi yawa a Neja Dalta, in ya girma yana zarce nipa nesa.

Akwai kuma taswirar da aka riga aka gama, wato Global Mangrove Watch, wadda ta dogara sosai a kan radar ɗin Japan. Fitowarta ta uku ta ba da iyakar dajin duniya a 1996, da 2007 zuwa 2010, da 2015 zuwa 2020, ta kuma ƙiyasta shi a kan kusan murabba'in kilomita 147,000 a 2020. Ina ba kowa shawarar ya fara da ita, domin tana rage aikin wata guda: ka ɗauki iyakarta ka yanke hotunanka, don kada dajin fadama na ruwan daɗi ya shigo maka lissafi. Amma taswirar duniya ce, an gina ta don ta yi daidai daga Indonesiya har Barazil. Ragin da take nunawa a Nijeriya bai kai wanda binciken cikin gida ya gano ba. Tana faɗin inda daji yake, ba ta faɗin lafiyarsa.

To wanne za ka ɗauka?

In tambayarka ta tarihi ce, misali nawa aka rasa a kewayen Fatakwal ko Warri tun shekarun 1980, ɗauki Landsat, ka zaɓi zamani uku ko huɗu da ke da hotuna masu tsabta maimakon ka yi alkawarin kowace shekara, ka cike tsakanin 2007 da 2010 da ALOS. In kana bin aikin gyara ne, kamar dashen da hukumar HYPREP ke yi a ƙasar Ogoni bayan rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011, wanda ya ce farfaɗowar yankin za ta iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, Sentinel-2 ne ginshiƙinka. Sai dai ka yi haƙuri da shi: tsiron shekara ɗaya ko biyu bai isa ya cika ɗigon mita 10 ba, kuma a wannan mataki jirgi maras matuƙi da ƙirga da hannu sun fi kowane tauraro. In kuwa gargaɗin gaggawa kake so, a san an yi sara ko mai ya malala cikin makonni, babu zaɓi sai Sentinel-1.

Ga mai ƙarfin abu guda kawai, ni Sentinel-2 zan ce ya ɗauka, ya haɗa hotunan Disamba zuwa Fabrairu, ya yi amfani da ma'auni biyu aƙalla, ɗaya na kore ɗaya na danshi. Ya fi sauƙin koyo, kuma mutum yana iya duba hoton da idonsa ya gane in lissafi ya kauce. Amma duk aikin da za a ɗora hukunci a kansa, ko na diyya ko na kasafin kuɗi, bai kamata ya tsaya a nan ba. A ƙara masa Sentinel-1.

Batun kwamfuta da kuɗin data ba shi ne cikas ba kamar da. Hoton Sentinel-2 guda yana iya kusantar gigabait ɗaya, amma ba sai ka sauke shi ba. Dandamalin intanet na Google Earth Engine da Digital Earth Africa suna barin mai bincike ya yi lissafinsa a kan na'urorinsu, ya sauke sakamakon kawai, ya ƙarasa taswirarsa a manhajar QGIS. Kuɗin da ka rage a nan ka ajiye shi don hayar kwalekwale da ɗan jagora daga masuntan wurin. Mafi yawan kabon ɗin da dajin mangurof ke riƙewa yana cikin taɓo ne, man da ya nutse ma can yake, kuma babu ɗaya daga taurarin nan da ke ganin ƙarƙashin laka. Ko wurare talatin ko arba'in ka iya kaiwa, ka ɗauki lambar GPS ta kowanne da hoto ta fuska huɗu, ka rubuta ko mangurof ne ko nipa ko gauraye, ko itacen a raye yake, da sa'ar da ka isa da inda ruwa ya tsaya. Ka ware kashi ɗaya bisa uku na wuraren, kada ka yi amfani da su wajen koya wa manhaja rarrabe hoton, ka gwada taswirarka a kansu bayan ka gama.